Daga Damagaram Zuwa Agadas da Mota Cike da Yara

In ka ƙudiri niyyar kai iyalinka Agadas daga Damagaram, kilomita kusan 450 ne a gabanka, kuma auta zai fara "Baba, mun iso?" tun ba ku bar gari ba. Amsa masa da fara'a, ka tanadi sauran fara'ar, don da sauran tafiya.

Tun jajibiri ka leƙa tasha ka ji halin hanya daga bakin direbobi, na tsaro da na kwalta. Nan kam babu wasa. Ku tashi da asuba, kada dare ya riske ku a daji. In da hali ku bari sai hunturu, domin a Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, har rigima ma yara ba sa iya yi da kyau.

Ruwa ne sarkin kaya. Ka lissafa wanda zai ishe ku, ka ninka, ka ƙara jarka ɗaya ta mota, ɗaya ta yaron da zai yi wanka da kunu. Kilishi kuwa, a ɓoye shi can ƙasan kaya. Yaro ɗaya ya ci, yaji da gishiri su taso masa da ƙishirwa, jarka ta tafi. Dabino da cuku sun wadatar.

Babban yaƙi na taga ne. Yanke hukunci kafin a tada inji: Yaya daga gida zuwa Tanut, ƙanwarsa daga Tanut zuwa Adarbisinat, auta a cinyar Inna. In akwai Kaka, a sa ta tsakiya. Carbinta kaɗai ya isa raba gardama. Da kun shiga yankin Damargu, gonakin gero suka fara ja baya, sai ka buɗe gasar ƙirga raƙuma, kowa da gefensa. Ka faɗa tun farko ko raƙumin da ke kwance yana cikin lissafi, in ba haka ba shari'ar za ta kai Agadas.

A Tanut kowa zai rantse ba ya jin fitsari. Kada ka yarda, a jera su. Duk da haka za ka tsaya a gaba, kuma in ka tsaya, kowa da takalminsa. Ƙarangiya na nan tana jira: ta manne a ƙafar wando, yaro ya sa hannu ya cire, ta koma yatsa, ya kai baki, ta koma leɓe. Inna ce kawai ke da haƙurin tsince ta ɗaya bayan ɗaya.

Takardun kowa su zauna a jakar hannu saboda shingen jandarma.

Ladan wanda ya fara hango hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, a sanar da shi da wuri. Ka gaya musu da laka aka gina ta, kuma tsohon garin ya shiga jerin kayan tarihi na UNESCO a 2013. Za su ce sai sun hau ƙololuwarta a take. Ka ce sai gobe, ka fito da kilishi.