Wa Ya Naɗa Ka Alƙalin Maharba?

Ɗan kawu, labari ya iske ni wai yanzu kai ne mai raba gardama a majalisar maharban Roni, wadda ake zama bayan sallar Isha'i. Kai ke cewa wane ya yi magana, wane ya dakata. Kai ɗin da ko ƙadangare ya motsa a bayan rumbu sai ka bar takalmanka a wurin! Duk dajin da ka sani a duniya shi ne wanda kake hangowa ta tagar mota tsakanin Roni da Kazaure, shi ma rabinsa gonakin gero ne.

Ban ga laifin waɗanda suka zaɓe ka ba. Maharbi ba ya yarda maharbi ya yi masa alƙalanci, don kowa kurar da ya kashe ta fi ta kowa girma. Dole a nemo wanda bai taɓa ganin kura ba.

To tunda ka hau kujerar, bari ɗan gwaggonka ya koya maka aikin, kyauta. In tsoho ya ce ya taɓa ɓata a dajin Falgore har guzurinsa ya ƙare, kada ka ƙaryata shi, tambaye shi me ya ci. In ya lissafo kanya da ɗinya da tsada da taura, ya san daji. In ya ce ya tona yashin busasshen rafi har ruwa ya tsattsafo, ko ya gane gabas da fitowar Gamzaki da asuba, gyaɗa kai kamar kai ma ka sani. Wanda ya ce dakakkun 'ya'yan zogale suna kwantar da lakar ruwa ya yi gaskiya, sai dai ka ƙara masa da cewa a tafasa kafin a sha. Wanda kuwa ya ce ya shaƙe zaki da hannu ɗaya, ƙyale shi. Ƙaryar zaki ba ta taɓa kashe mai sauraro ba.

Inda nake da ƙorafi a kanka shi ne maganar maciji. An ce mini ranar da wani ya tashi yana koya wa samari cewa in kububuwa ta sari mutum a ɗaure ƙafar tamau, a tsaga wurin da aska, a tsotse dafin, kai shiru ka yi kana ta kurɓar shayi, don ka ga gorarsa a jingine kusa da kai. Haba taubashi! Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, har dasashi ya riƙa zubar jini, ka ga tsaga ƙarin hanya ce ta zubarsa. Ɗaurin tamau kuma kan jawo a yanke ƙafa. Abin yi shi ne a kwantar da mutum, a cire zobe da duk abin da zai matse shi, kada ya taka ƙafar, a ɗauke shi zuwa asibiti inda ake da allurar kashe dafi. In gamsheƙa ce ta yi tofi a ido, a yi ta wanke shi da ruwa mai yawa. Ba don wasa ba aka keɓe asibiti guda a Kaltungo ta jihar Gombe saboda saran maciji, kuma tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Samarin da ke zaune a gefen tabarmarku su ne masu shiga gona ba takalmi lokacin girbi.

Saboda haka in an sake taso da zancen, ka katse mai shi ko da shi ne Sarkin Baka. In tsoron gorar ne, ka faɗa daga bakin zaure ka ruga, dama gudu kam ba a taɓa kama ka ba. Kuɗin sharata na cika-cikin bara kuma har yau ban gan su ba, ka haɗa da na bana ka aiko.