Garantin Shekara Biyar, In Ji Wa?

Alhaji, na ji ka. Ka kafa sola, ka jera batura, ka sayi janareta saboda ranar da hadari ya rufe sama, mai shago kuma ya rantse maka garanti shekara biyar ne. To, kafin ka karkace hula, ɗauko takardar nan da ka cusa a kwali mu karanta ƙananan rubutun tare. Ko tabarau ɗin ma yana cikin kwalin?

Janaretan jiran ko-ta-kwana, irin wanda kamfanonin Amurka kamar Generac ke ƙerawa, an yi shi ne don gidan da ke da wutar gwamnati, ta ɗauke jefi-jefi, shi ya riƙe kafin ta dawo. Ƙa'idar ISO 8528 ta ba irin wannan aiki awa 200 kacal a shekara. Gidanka kuwa ko turken NEPA ba ya hangowa. Hazon hunturu ya lulluɓe faranti, ko Agusta ta zo da kwanakin da rana ke ɓuya, sai injin ya kwana yana cajin batir. Awa huɗu a rana, cikin kwana 50 ka cinye rabon shekara. Motar gida ka saya ka sa ta kabu-kabu, sannan kana mamakin kamfani ya juya maka baya.

Malam na gefe yana murmushi, wai ta yaya za su sani? Haba Malam! Akwai mitar awa a jikin injin, kuma ba ta karɓar cin hanci.

Kamfanonin ma ba su ɓoye ba. Garantin Generac na yau da kullum bai shafi gidan da ba shi da layin wuta ba, shi ya sa suka fitar da EcoGen musamman don masu sola, garantinsa shekara uku ko awa 2,000, duk wanda ya riga cika. Da awa huɗun nan taka, 2,000 ba ta kai shekara ɗaya da rabi.

Hajiya ta ce nata a Sabon Gari ta saya, ba ruwanta da Amurka. Gaskiya ne, Hajiya, naki garantin yana bakin mai shago. Ki sa ya rubuta a rasit cewa ya san gidan sola ne, awa nawa ya ɗauka, kuma wa zai biya makaniki. Ki adana shaidar canjin baƙin mai ma, don ita za su fara tambaya. In mai shagon ya fara susar ƙeya, ki tambayi na kusa da shi.