Yadda Ake Sallamar Likitocin Zaure Idan An Ce Kana Da Kansar Dubura

Ranar da sakamakon gwaji ya ce kansar dubura ce, kafin la'asar za ka gano ashe danginka duk sun karanci likitanci. Gwaggo za ta iso da sassaƙe a leda, abokin majalisa ya turo bidiyo ta WhatsApp, maƙwabci kuwa ya rantse basir ne kawai, har ya san mai lasifika a bakin tasha da ke kawar da shi da gora ɗaya. Shimfiɗa musu tabarma, ka karɓi addu'arsu hannu bibbiyu, don ƙauna ce ta kawo su. Amma kujerar yanke shawara kada ka ba kowa. Cutar nan tana jin magani, sai dai maganin yana bin matakin da ta kai ne, mataki kuma ba a gane shi da ido.

Bayan ka sallami baƙi, sai ka sallami kunya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Dubura ita ce ƙarshen babban hanji, kimanin santimita 12 zuwa 15, kuma jinin da ƙari ke zubarwa yana kama da na basir, shi ya sa mutane da yawa ke cinye watanni suna shan jiƙo. Ka bari likita ya duba da yatsa, a leƙa da kyamara, a gutsuri nama a auna. Hoton MRI na ƙugu zai nuna zurfin ƙarin, hoton CT na ƙirji da ciki ya nuna ko ya tsallaka hanta ko huhu. Ka tafi da ɗan'uwa mafi ƙarancin surutu, ka ba shi biro da littafi, ku dawo da amsa biyu: mataki na nawa ne cikin huɗu, kuma santimita nawa ne tsakanin ƙarin da mafita. Matambayi ba ya ɓata.

Da amsoshin nan a hannu ne auna zaɓi ke da ma'ana. Ginshiƙin magani tiyata ce, irin wadda Bill Heald ya bayyana a Ingila a 1982, inda ake cire dubura tare da kitsen da ya lulluɓe ta, wanda cutar ke laɓewa a cikinsa. Idan ƙarin ya yi zurfi, akan fara da gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, na kwana 5 ko na mako 5 zuwa 6 haɗe da kemo. Wani babban bincike a Jamus ya nuna a 2004 cewa gabatar da gashi da kemo kafin tiyata, maimakon bayanta, ya rage dawowar cutar a gurbinta daga kashi 13 zuwa kashi 6 cikin ɗari. A shekarar ce kuma Angelita Habr-Gama ta Burazil ta nuna cewa wanda ƙarinsa ya ɓace ƙurmus bayan gashi yana iya jinkirta tiyata, da sharaɗin komawa duba a kai a kai tsawon shekaru. Bidiyon abokin majalisa ma da ƙamshin gaskiya: a 2022, a New York, maganin dostarlimab ya narkar da ƙarin mutum 12. Sai dai yana aiki ne ga wani nau'i da ake samu a kashi 5 zuwa 10 na masu cutar, don haka ka nemi a gwada namanka kafin ka sayar da gona.

Likitocin zaure ba za su tashi ba sai sun yi jayayya. Za su ce kansa ba ta son wuƙa, su lissafo waɗanda suka rasu bayan aiki. Allah ya ji ƙansu, amma yawancinsu sun isa gaban likita ne bayan cutar ta bazu, jinkirin ne ya ci su. Za su ce jakar bahaya a ciki tana hana ibada. Ba kowa ake sa wa ita ba, da yawa ta watanni ce a mayar da hanji, wanda kuma tasa ta dindindin ce malamai sun sa shi cikin masu uzuri, yana alwala yana sallarsa. Maganar kuɗi ce kaɗai mai nauyi, don na'urar gashi sai a manyan asibitoci irin na Zariya, Sakkwato da Abuja. To a nan ne taron zai yi amfani: naɗa Gwaggo ma'aji, maƙwabci ya nemo masauki, abokin majalisa ya riƙa kira yana tabbatar da ranar layi. Kowa ya samu muƙami, kai kuma ka yanke hukunci tare da likitan tiyata da na kansa, cikin makonni kaɗan, da takardun gwajinka a gabanku.