Yadda Akuya Ta Ci Sansanin Amsterdam da Yaƙi

A majalisarmu ta shan ataya a Nima, wani ɗan unguwa da ya dawo daga Holan ya raba tsaraba: wannan turare, wancan riga. Ni kuwa sai ya miƙo mini akwatin fentin ruwa da burushi da takarda mai kauri, wai ya tuna ni ke yi wa yaran makarantarmu zayyanar allo idan sun yi sauka. Kaina ya kumbura. Na ce ya saurara, zan zano masa Amsterdam ba tare da biza ba.

Ba ƙarya na yi ba, akwai Amsterdam a Gana. Ka hau mota a tashar Kaneshie, ka sha cunkoson Kasoa, ka wuce Mankessim da Saltpond, sai ka hango wani kango a kan tudu a garin Abandze, yana kallon teku. Na hau tudun ina haki, ledar ruwa biyu a aljihu, ɗaya tawa ɗaya ta fenti.

Mai zagayawa da baƙi ya karanto mini jerin waɗanda suka mallaki wurin. Turawan Ingila suka gina shi a 1638, ana ce masa Kormantin. A 1665 wani kwamandan jiragen ruwan Holan, Michiel de Ruyter, ya ƙwace shi, aka raɗa masa sunan Amsterdam. Ingilishi suka sake karɓewa a 1782, aka mayar wa Holan a 1785. Sai 1811 mutanen Anomabo, aminan Ingilishi, suka far masa suka bar shi kango. Tun 1979 yana cikin wuraren tarihi da UNESCO ke karewa, shi da sauran sansanonin gaɓar Gana. Bai ambaci awaki ba, alhali su na tarar da iko a hannunsu.

Tawadar malam tana da ladabi, inda ka ajiye ta nan za ta zauna. Fentin ruwa bai san wannan tarbiyya ba. Ƙa'idarsa ita ce ka fara da launi mai haske, ka bar farin takarda ya zama farin gini, ka jira ya bushe kafin ka ɗora wani. To, a bakin teku me ke bushewa? Iskar kanta jiƙe take. Na shafa shuɗin sama, na jira har ƙafata ta yi sanyi, na ɗora ruwan ƙasa na bango. Nan take sama ta gangaro cikin bango, bango ya zarce cikin teku, kwalekwalen masunta da na ɗiga a ƙasa ya narke ya hau tudu.

Kafin in ɗaga kai yara sun kewaye ni suna sharhi da Fantanci. Wani dattijo mai gyaran koma ya leƙo, ya daɗe yana kallo, ya yi magana yana gyaɗa kai. Yaron da ya fassara mini ya ce, "Baba ya ce ka iya aiki. Wai ranar da mutanen Anomabo suka zo ka zana."

Na danne takardar da dutse ko za ta sha iska, na shiga ciki. A nan raha ta ƙare mini. Daga wannan gaɓa aka yi ta loda mutane zuwa gonakin rake, har a Jamaika ana kiran bayin da suka fito daga nan yankin Kromanti, kuma su suka tayar da babban boren Tacky a 1760. Mu 'yan Zango ma kada mu cika ɗaga hanci in ana wannan zance, domin kasuwar Salaga ba goro kaɗai fataken Hausawa suka saya a cikinta ba.

Da na fito, ihun yara ne ya tarbe ni. Wata jar akuya ta ture dutsen, ta fara da kusurwar da na fi wahala a kanta, inda na zana igwa. Abin da ya sa de Ruyter tara jiragen yaƙi, ita tana tsaye tana tauna ta gama shi. Ta kuma shanye ruwan wankin burushi, ta dube ni da shuɗin baki. Muka ja, ta ja, aka raba ƙasa: ita ta tafi da arewa, ni na tsira da kudu da teku.

A motar dawowa, daron kifin matar da ke kusa da ni ya yi ta ɗiga a kan abin da ya rage, tun daga Mankessim har Mallam Junction.

Ban yarda na bi ta majalisa ba, na zarce Maamobi gidan gwaggona. Na same ta tana fama da gawayi, tukunyar wake da shinkafa na jira. Ta karɓi takardar, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta shinshina.

"Ɗana, nawa ka kashe a wannan?"

Na faɗa mata kuɗin mota kawai. Ta yi salati, ta kama ta daidai inda akuya ta gutsura, ta fifita wutar. Gawayi ya kama.

"Kai, takardar nan akwai ƙwari," in ji ta. "In za ka koma, ka yo mini biyu. Maƙwabciyata ma ba ta da mafici."