Zuwa Ga Taubashiyata, Sarauniyar Cika-Ciki

Baiwata, labari ya iso ni tun ba ki gama ɗaure igiyar kambas ba. An ce kin yaye auta, kin hau sikeli, sikeli ya nemi agaji, yanzu kuma kina bin unguwanni a adaidaita sahu kina cigiyar jim na mata zalla, irin wanda ake zagaya na'urori. Madalla. Ke da rabonki da gudu tun gasar sakandare, ranar da kika zo ta uku cikin mutum uku.

Tunda nauyinki a wuyana yake, kuma ba ƙarami ba ne, bari in gaya miki abin da kike shirin shiga. Wannan atisaye na zagaye wasu malamai biyu ne, Morgan da Adamson, suka tsara shi a Jami'ar Leeds ta Ingila a 1953. Wanda ya mai da shi kasuwar mata kuwa kamfanin Curves ne, da wani miji da matarsa suka buɗe a jihar Texas ta Amurka a 1992. Ana jera na'urori a da'ira. Ki yi daƙiƙa 30 a kan wannan, murya ta ce a canja, ki taka a wuri ɗaya, ki wuce ta gaba. Zagaye biyu, a miƙe gaɓoɓi, minti 30 kin sallami kanki.

Na'urorin irin wannan wuri yawanci ba tulin ƙarfe gare su ba. Mai ne a cikin silinda, kamar shokazoban mota: iya saurin turawarki, iya nauyin da za ki ji. Ga wadda ta daɗe a zaune wannan gata ne, don babu ƙarfen da zai suɓuce ya faɗo miki a ƙafa, babu lissafin kilo. Amma nan ne kuma nake jiye miki. Na'urar ba ta tilasta wa kowa. In kika riƙa tura ta a sanyaye kina ba ta kusa da ke labarin ankon bikin da ke tafe, sai ki shekara kina zagaye babu abin da ya yi ƙwari a jikinki sai muƙamuƙi. Ko da kin dage ma, bayan 'yan watanni jiki kan saba, don haka ki duba ko suna da ƙananan ƙarafan ɗagawa na gaba.

Na san ki da son ƙyale-ƙyale. Wurin da ya fi madubi da fitilu shi zai tafi da imaninki, ko da sai kin keta gari cikin cunkoso kafin ki kai. To wannan sati biyu za ki yi masa. Nemi wanda ƙafarki za ta iya kai ki bayan kin sauke yara a makaranta, ki je ki gan shi a daidai lokacin da za ki riƙa zuwa, ba lokacin da suka share suka fesa turare ba. Ki ƙirga mata, ki ƙirga na'urori. In ana jiran layi, zagayen ya tashi daga aiki, don amfaninsa duka shi ne kada bugun zuciya ya sauka tsakanin na'ura da na'ura. Ki tambayi abin da ake yi in an ɗauke wuta. A zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ɗaki rufe babu fanka babu janareto ba wurin lafiya ba ne.

Allon da ke ƙofa ya ce mata zalla, amma allo ba ya rantsuwa. Wa ke horarwa? Wa ke gyaran na'ura, kuma da wane lokaci yake shigowa? In akwai kyamara a bango, wa ke kallonta? An hana ɗaukar bidiyo da waya? Kada ki cire hijabi ki wayi gari a TikTok kina haki, dangi su rasa inda za su sa fuska.

Sai mai horarwa. Ta ƙwarai kafin ta ce ki hau komai sai ta tambaye ki hawan jini, gwiwa, baya da haihuwa. Wadda ta fara ciro miki shayin rage tumbi daga durowa, ɗauki jakarki ki yi mata sallama. Tunda tiyata aka yi miki a haihuwar auta, fara ta wurin likita, a auna jini, a duba ko naman cikin ya haɗe. In fitsari na ɗiga lokacin tsalle ki faɗa, ba abin kunya ba ne, kuma akwai atisayensa.

Kuɗi kuwa na wata ɗaya za ki biya. Na shekara ya fi araha a takarda, na sani, kuma ya fi daɗin faɗa a gidan suna, amma masu jim da kuɗin irinku suke sayen fili.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Zuwa uku minti 90 ke nan, ragowar 60 sai ki biya da ƙafa. Ma'aunin matsakaici shi ne ki iya magana amma ki kasa waƙa. Ke dai ranar da kika yi shiru mun san kin wuce gona da iri. Tsamin jiki ya fi tsanani a kwana na biyu, ba jifa aka yi miki ba. Ciwon ƙirji ko jiri kuwa, tsayawa ake yi nan take. Kuma robar lemo guda mai rabin lita tana ɗauke da kalori kusan 200, wato ta kusa lashe wahalar ranar tun ba ki isa gida ba.

Laraba da hantsi zan buga miki waya. In na ji murya na cewa a canja, na sa miki albarka. In kuwa ƙarar tandar masa na ji, gun Kawu zan kai ƙara, kuma kambas ɗin nawa ne, dama ƙafarmu ɗaya.