Alhaji Sabuwa da Maƙwabtansa

Ni dai hedimasta nake zargi. Ranar da aka kawo masa Musa bakwai a aji ɗaya, sai ya liƙa wa kowanne sunan garinsu, babu ruwansa da abin da sunan ke nufi a bakin kasuwa. Wannan al'ada ce ta ba Kano gwamna mai sunan bishiya a 1979, Abubakar Rimi, kuma a 1993 Bashir Tofa ya nemi shugabancin ƙasa da sunan ciyawa.

Amma duk ba su kai namu na kudancin Katsina ba, inda Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa suka haɗa kujera ɗaya a Majalisar Wakilai.

Ɗan Ƙanƙara iri biyu ne. Akwai wanda ya gaji. Da zarar azumi ya faɗo a bazara, abokan aiki za su kewaye shi da kofuna: "Malam, ɗan tsoma mana yatsa a zoɓon nan." Dariyar yaƙe yake yi, shekara ashirin ke nan. Akwai kuma wanda ya rungumi sunan hannu bibbiyu, har ya fi ƙarfin tsokana. Dubi Dakta Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, da ya rubuta tarihin Mamman Shata: duk zafin kalangu bai narkar da shi ba. (Masu buga sunan a kwamfuta ba lanƙwasa kuwa, sun mayar da bayin Allah masu kankarar ƙanzo.)

Na Faskari ba ya buƙatar dogon bayani. Ka ba shi bashi, ka gani ko bai faskari dangi da mai unguwa ba. Shi kuma ya ce ai rubuce yake a takardar haihuwarsa.

Wanda nake tausayi shi ne dattijon Sabuwa. Gemu fari fat, jikoki sun cika gida, amma sunan amarya yake yawo da shi. Na taɓa zama kusa da wani tsoho a layin ganin likita. Ma'aikaciya ta leƙo da kati a hannu ta ƙwala kira: "Sabuwa!" Mata suka waiwaya gaba ɗaya, kowa na neman mai lalle a ƙafa. Sai tsohon nan ya dogara sandarsa, gwiwoyi suna ƙara, ya miƙe.

"Baba, ba kai ba, Sabuwa na ce."

"Ni ce, 'yata," in ji shi. "Hanya ce ta tsofar da ni."