Masu Dukiyar Banyo da Gyaran da Suke So a Yi wa Manhajar Lissafi

Masu ƙera manhajojin lissafin jari sun ɗauka dukiya zaune take wuri guda, a banki ko a takardar hannun jari, mutum ya latsa waya ya ga ta hau ko ta sauka. A Banyo ta ƙasar Kamaru dukiya ƙaho gare ta da kofato. Wata tana cikin buhu, wata tana aljihun wanda ya ci bashi ya sauya hanya. Kasuwar hannun jari ta BVMAC da ke Duwala, wadda ƙasashe shida masu kashe sefar Afirka ta Tsakiya suka haɗu a kanta tun 2019, kamfanonin cikinta ba su kai goma ba, saboda haka ba ita ce ke hana mutanen Mayo-Banyo barci ba. Amma waya ta shiga kowane aljihu, kuma kowa da gyaran da yake so a yi masa.

Na farko shi ne Alhaji mai garke. Yana son manhaja ta san kowace saniya cikin gudalinsa na Banyo: launinta, haihuwarta nawa, hannun wane makiyayi take, ko tana cikin waɗanda suka gangara wajen Bankim cin rani. Sharaɗinsa guda ne, kada ta haɗa jimilla. Ƙidaya, in ji shi, tana jawo baki, tana jawo mai karɓar haraji, tana jawo ɗan ƙanen da ke shirin aure. Yana kuma neman wurin ajiye hoton wutsiya da fata, domin ya gaji da saƙon da ke zuwa daga ruga cewa maciji ya sari bijimi, kuma macijin nan bai taɓa saran ramamme ba. Da aka nuna masa cewa manhajar za ta iya lissafa zakka, shanu 30 a fitar da maraƙi, 40 a fitar da saniya, sai ya yi shiru, can ya tambaya ko ana iya raba garken gida-gida, kowane kada ya wuce 29. Malamai dai sun riga manhajar amsa wannan tambaya.

Sai ɗan kasuwar iyaka, mai ƙafa ɗaya a Banyo ɗaya a Gembu, kan dutsen Mambila. Kukansa yana da tushe. Sefa ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya tun 1999, naira kuwa da aka sake ta a watan Yuni na 2023 ta yi ta gangara, har jaka guda ta sefa ta haura naira 2,000 a 2024. Manhajar tana kawo masa farashin babban banki, shi kuwa da farashin 'yan canji yake ciniki, kuma tazarar da ke tsakani ita ce tuwonsa. Wannan gyara ya cancanci a yi. Na biyun ne abin dubawa: maɓallin da zai juya dukiyarsa zuwa naira idan yana majalisa, don miliyoyin su yi kauri, ya mai da ita sefa da zarar mai neman rance ya yi sallama.

Akwai mai ajiyar masara, wanda ke saye da kaka ya kulle sito yana jiran tsakiyar damina. Ribarsa a takarda kullum tana da kyau, domin takardar ba ta san ƙwari da ɓeraye ba, ba ta kuma san motar da ta kafe a taɓo a hanyar Fumban ko ta Tibati ba. Shi yana so a ƙara layi na musamman mai suna "rabon ɓera", a kuma sa wayar ta daina nuna masa farashin da ya ƙi sayarwa a kai makon jiya.

Uwar adashe ba ta ce tana buƙatar komai ba, 'yarta ce ta saka mata manhajar. Mata talatin ke zubi a hannunta, kuma ta san wadda ta zuba, da wadda ta ce sai miji ya dawo daga Ngaundare, da wadda ta kwashi nata tun zagayen farko ta fara ciwon ƙafa duk ranar zubi. Tun da gwamnati ta ɗora harajin kashi 0.2 cikin ɗari kan turawa da cire kuɗi ta waya a Janairun 2022, take cire shi da ka kafin mai shagon Orange Money ko MoMo ya gama latsa nasa. Jarinta awaki ne, da turamen atamfa a ƙasan akwati, da 'yan kunnen zinariya da ake sayarwa ran wuya. Amma tunda an saka mata, abu biyu take so. Na ɗaya, manhajar ta yi magana da baki, da Hausa da Fulatanci, ta kira mai nauyin zubi ta ce, "Yaya, yau fa Juma'a ce," da irin muryar da ke sa mutum jin kunya. Na biyu, idan maigida ya ɗauki wayar, ya tarar da lissafin kuɗin cefane kawai. A ganina duk cikin masu koken nan ita kaɗai ce ke son lissafi na gaskiya, ita ce kuma ba ta rasa shi ba ko da wayar ta faɗa rijiya.

Ga kuma matashi ɗan kirifto, wanda za ka gani tsaye kan tudu, hannu a sama, yana farautar sabis ɗin waya. A waya attajiri ne, a shago kuwa sunansa na cikin littafin bashin kati. An ba shi labarin MIDA mai karɓar kuɗin mutane da alkawarin riba, wadda hukuma ta rufe a Yawunde a 2018, da na Liyeplimal da ya tafi da kuɗin jama'a bayan 'yan shekaru, ya ce waɗancan ba su iya shiga da wuri ba ne. Buƙatarsa a cire jan launi daga zanen hawa da sauka, a bar kore. Maɓallin cire kuɗi bai dame shi ba, bai taɓa ganin ya yi aiki ba.

Mai bin mataccen bashi ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda ya ci kuɗin ya rasu, magadansa sun watse, amma shi har yau yana rubuta su cikin jari, yana kuma son manhajar ta riƙa yi masa haka ba tare da ta tambayi shekarar ba.

Na ƙarshe shi ne mai jiran gado. Ba shi da saniya ko buhu, amma ya fi kowa bin lafiyar wayar Baba, shi ke kai ta caji. Ana yi masa dariya, sai dai tambayarsa ta fi ta kowa nauyi: ranar da mai waya ya cika, wa zai buɗe ta? Da, dattijo kan kira shaidu biyu ya faɗi wanda yake bi da wanda ke bin sa. Yanzu lambobi huɗu ne a kansa, kuma da su ake binne shi, a bar masu rabon gado suna kallon gilashi. Masu ƙera manhaja, ku bar wa Alhaji ƙidayarsa, ku bar wa matashi jan launinsa, ku fara da wannan: hanyar da lissafi zai buɗe wa magada da alƙali idan an kawo shaidar rasuwa.